Nikon Ko Naikon: Rasuwar Kyamarar Sallau Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Sallau Mai Hoto na bakin tashar Talata Mafara yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa gyara hula ko ɗankwali ya tsaya a gabansa, rasuwar abokiyar sana'arsa, kyamararsa baƙa mai madauri. Ajali ya riske ta a kan hanyar Janbako a tsakiyar daminar bana, bayan doguwar jinya da gajeriyar azaba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Limamin unguwa ya tabbatar wa Sallau cewa ana faɗin wannan ga kowace irin asara, ko da igiyar takalmi ce ta tsinke, saboda haka kada wani ya ɗauka wasa ake yi da addini.

Wajibi ne sanarwa irin wannan ta ambaci sunan wadda aka rasa, kuma a nan wahalar take. A goshin marigayiya akwai haruffa biyar da aka rubuta da fari. Haruffan ba su taɓa canzawa ba tun ranar da ta zo, amma bakin jama'a bai taɓa haɗuwa a kansu ba. Mahautan kasuwar Mafara Nikwan suke ce mata. A Maradun, tsofaffin da suka yi aikin leburanci da Turawa lokacin da ake gina dam suna ce mata Nikkon, suna danna tsakiyar sunan kamar mai buga ƙusa. A Bakura kuwa wani malamin makaranta ne ya ji ana cewa Naikon a bidiyo, ya faɗa a majalisa, garin gaba ɗaya ya ɗauka, ba wanda ya sake juya su. 'Yan matan Jangebe ma suna da nasu: duk sanda Sallau ya ɗaga ta a wurin biki sai kowace ta dafa ƙirji ta ce, "Ni ko?" har ƙananan yara suka zaci sunan ke nan.

Marigayiya haifaffiyar ƙasar Japan ce. Ba a san inda ta yi ƙuruciyarta ba, sai dai akwai wani tabo a gindinta da ke nuna ta taɓa faɗuwa a hannun wani kafin ta iso Kano cikin kayan gwanjo. A can Sallau ya same ta shekaru goma sha wani abu da suka wuce, a shagon Malam Jibrin mai gyaran kyamara, wanda daga baya ya zama likitanta. A ranar Sallau ya tambaye shi yadda ake kiran ta, don kada ya koma gida ya ji kunya. Malam Jibrin bai ko ɗaga kai daga aikinsa ba ya ce, "Amurkawa Naikon suke cewa. Mutanen Ingila datse shi suke yi, Nikkon. Su kuma waɗanda suka ƙera ta a sanyaye suke faɗa, Nikon, kamar ka ce ni, ka ɗora kon. Zaɓi wanda ya yi maka." Sallau ya zaɓi na maƙeranta, yana ganin iyaye sun fi kowa sanin sunan ɗiyarsu. Bai taɓa yin gardama da kowa a kai ba, in ban da amininsa Alhaji Gidaɗo, dillalin shanu mutumin Bakura, dattijon da ya girme shi nesa, wanda ya riƙe Naikon kamar gadon gidansu. Sukan yi musun a kan bencin shago, su sha shayi, su tashi kowa yana kan bakansa.

Waɗanda suka zauna da marigayiya sun shaida ta da haƙuri. Ta sha rana a filin makaranta tana jiran ɗalibai su jeru. Ta shiga gidajen suna da na biki, ta ga abin da ta gani a tsakar gidajen mutane, ba ta taɓa fitar da abin da ba a ce ta fitar ba. Ita ta ɗauki hoton fasfo na alhazai da yawa daga Mafara, wasunsu hoton da ta ɗauka shi ne na ƙarshe da iyalansu suke da shi. Ba ta raina aiki. Idan Alhaji Gidaɗo yana son nuna wa masu saye na Kudu bijimin da ya kiwata, takan durƙusa a cikin kashin shanu ta fito da ƙahon da tozon yadda suke, ba ƙari ba ragi. Da wayoyi masu hoto suka cika gari aiki ya ja baya, ba ta yi yaji ba. Takan kwana a jakarta mako guda ba a taɓa ta ba, a fito da ita ta tashi kamar jiya aka ajiye.

Ba mai yawan magana ba ce. Idan tana neman fuskar mutum takan ce ƙir-ƙir a hankali, in ta same ta ta ce tit-tit, sannan ƙyas, shi ke nan. In ɗaki ya yi duhu aka ɗora mata fitila, takan ja wani siririn tsiii kafin ta haska. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta ke nan. Uwargidan Sallau, Malama Zahra'u, ta ce daga jin wannan ƙyas ɗin ta bayan katanga takan san yau za a ɗora tukunya da nama.

Ciwon ajalinta ya soma ne a hankali. Da farko ƙyas ɗin ne ya fara jan ƙafa, ya koma ƙyaa-as, kamar tsoho mai tari. Sai murfin batirinta ya saki, aka ɗaure shi da roba. Daga baya ta shiga yin dogon suma: a danna ta ta ƙi tashi. Malam Jibrin ya duba ta ya ce tsufa ne, kayan gyaran irinta sun daina zuwa, a dai bi ta da lallashi. Sallau ya gano lallashin da kansa. In ta suma, sai ya kwance robar, ya zare batirin, ya goga bakinsa a gefen rigarsa, ya mayar, sai ta farfaɗo. Wani lokaci kuma ba ta buƙatar komai, dannawa ɗaya ta buɗe ido. Ba wanda ya isa ya ce ga abin da za ta yi, har shi mai ita.

Ga yadda ranar ƙarshe ta kasance, domin mutane suna ta tambaya, shi kuma Sallau ya gaji da maimaitawa, duk sanda ya maimaita sai ya kasa cin abinci.

Ɗiyar Alhaji Gidaɗo, Hadizatu, tana aure a Janbako. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, bana Allah ya ba ta ɗa namiji. Alhaji ya zo shago da kansa ya ce ba ya son hoton waya ga wannan jikan, na kyamara yake so, irin wanda ake wankewa a rataye a bango. Malama Zahra'u ta ji maganar. Da safe ta tare ƙofa da kwanon fura a hannu ta ce, "Baban Mubarak, hanyag ga ba ta da kyau. Ka ba Alhaji haƙuri." Sallau ya ce da rana za su je da rana za su dawo, kuma ba zai iya kallon idon Alhaji ya ce a'a ba. Ya saɓa jaka ya hau bayan babur ɗin Alhaji, furar ma bai tsaya ya sha ba.

A Janbako marigayiya ta yi aikin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ko sau ɗaya ba ta suma ba. Ta ɗauki jaririn, wanda aka raɗa wa suna Yasir, yana barci a hannun kakarsa. Ta ɗauki ragon suna. Matan gidan suka shiga ɗaka suka tono 'yan kunne da sarƙoƙin zinarin da suka daɗe da ɓoyewa, suka saka don hoto kawai, suna gamawa suka cire. Surukin Alhaji ya ja Sallau bayan gida ya tsaya tsakanin shanun nomansa, rumbunansa na bayansa. Daga ƙarshe samarin da ke kwana suna gadin gari suka ce su ma ba za a bar su ba. Suka jeru da bindigoginsu na harba-ka-ruga, fuska a buɗe, suna dariya, kowa yana ture ɗan uwansa don ya fito a gaba. Marigayiya ta ce tit-tit, ta ce ƙyas, ta haɗiye su duka.

Bayan azahar suka kamo hanya. Gero ya yi tsawo ya fi mutum, hanya ta zama kamar lungu tsakanin katanga biyu. Hadari yana haɗuwa ta gabas. Akwai wani wuri da hanyar ke gangarawa ta haye wata kwalbati, ruwa ja yana gudu a ƙarƙashinta. Alhaji ya rage gudu saboda taɓo. A nan geron ya buɗe.

Sallau ya ce abin da ya fara gani bakin bindiga ne, daga baya ya ga mutanen da ke riƙe da su. Sun naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Can gefe ƙarƙashin wata bishiya wani nasu yana kwance, an ɗaure masa cinya da tsumma, tsumman ya jiƙe. Kusa da shi babur ɗinsu ɗaya yana yashe, tayar gaba ta fashe.

"Ku sauka. Ku duƙa."

Suka sauka. Aka ja Alhaji gefe guda, aka durƙusar da Sallau a ɗaya gefen, inda ba za su ji maganar juna ba. Babban cikinsu, wani gajere mai sanyin murya, ya zuge jakar ya fito da marigayiya ta madauri, ya ɗaga ta sama tana lilo.

"Wanga abu mi a shi?"

"Kyamara ce, ranka shi daɗe. Ta ɗaukar hoto. Sana'ata ce."

"Taka ce?"

"Tawa ce."

"Mi a sunanta?"

"Nikon," in ji Sallau, da muryar da shi kansa bai gane ta ba.

Mutumin ya taka a hankali zuwa wurin Alhaji, ya duƙa ya yi masa tambaya. Sallau bai ji tambayar ba, amma ya ji amsar, domin Alhaji ya ɗaga murya yadda mai gaskiya ke yi in yana son a yarda da shi: "Naikon! Wallahi Naikon a sunanta, na san ta shekara da shekaru!"

Mutumin ya dawo, bai yi sauri ba, ya tsaya a bayan Sallau. Wani abu mai sanyi ya taɓa masa ƙeya, ƙasan hula kaɗan.

"Abu guda, suna biyu. Ɗayanku na ƙarya. Ba taka ce ba. Ba ka ita anka yi ka ɗauki hotonmu ka kai ma soja. Ku infoma ne."

Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da ke bin bayan wannan kalma. Sallau yana jin warin man bindiga da na zufa. Yana ganin wata tururuwa tana hawa yatsan ƙafarsa, ya kasa kawar da ita. Ya so ya yi kalmar shahada, sai ya tarar kwanon furar da ya bari a hannun Zahra'u ne yake ta yawo a idonsa.

Wani dogo daga cikinsu ne ya miƙa hannu ya karɓi marigayiya. Da alama ya taɓa zama a aji. Ya bi haruffan goshinta da yatsa, yana motsa baki, ya ce, "Nikkon an nan rubuce. Mai abu ya fi kusa. Tsohon nan a maƙaryaci." Ya juya bakin bindigarsa wajen Alhaji.

Wani kuma mai jan rawani ya ce, "Kai ka san mi? Naikon a shi. Na ji shi a bidiyo da kunnena, Bature yaf faɗa. Wanga a maƙaryaci." Ya nuna Sallau da tasa.

"Ni ka ce ma ban iya karatu ba?"

"Na ce ba ka iya ba."

Musun da ake yi a kan benci ana kurɓar shayi, shi ne ya tashi a kan kwalbati tsakanin mutum biyu da yatsunsu ke kan kunamar bindiga. Muryoyinsu suna hawa, bindigogin suna juyawa, sa'i kan Alhaji, sa'i kan Sallau, sa'i kan junansu. Alhaji ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe. Gajeren ya bar su sun yi ta yi, sannan ya ƙara danna ƙarfen a ƙeyar Sallau.

"Kai mai abu, raba gardama. Wa ad da gaskiya cikinsu?"

Sallau ya duba dogon, ya duba mai jan rawani. Duk wanda ya ba gaskiya, ya ƙaryata ɗayan a gaban abokansa, kuma kowannensu yana riƙe da abin da zai rama. Ya ce bai san daga ina maganar ta fito ba, shi dai ya ji bakinsa yana maimaita abin da Malam Jibrin ya faɗa masa tun ranar farko.

"Ranka shi daɗe, duk suna da gaskiya. Wallahi duk suna da ita. Amurkawa Naikon suka cewa, kamar yadda wanga bawan Allah yaj ji. Mutanen Ingila Nikkon, kamar yadda wancan yak karanta. Waɗanda sunka ƙera ta su ce Nikon. Abokina mutumin Bakura ne, can haka suka kiran ta. Ni Mafara nike. Suna guda ne, baki ne daban-daban."

Gajeren ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ƙarfen ya bar ƙeyar Sallau. Sai ya ga an ajiye masa marigayiya a cinya.

"To kunna ta mu ga wa kaɗ ɗauka."

Sallau yana so jama'a su sani cewa duk tsoron da ya ji kafin wannan magana ƙarami ne. A cikin abin da ke kan cinyarsa akwai wuyan matan gidan su Hadizatu da zinarinsu. Akwai shanu da rumbuna da ƙofar gidan da suke ciki. Akwai fuskar kowane saurayi da ke gadin Janbako, a buɗe, yana dariya. Kuma tun safe ba ta suma ba ko sau ɗaya.

Ya ɗora yatsa a kan makunninta. Shekara da shekaru yana roƙon ta ta tashi. Ran nan ne kaɗai ya roƙi Allah kada ta amsa masa. Ya murɗa.

Ba ta ce komai ba.

"Sake."

Ya sake. Gilashin bayanta baƙi ƙirin. Robar da ke ɗaure da murfin batirin tana nan ƙarƙashin babban yatsansa, yana jin ta, ya san abin da zai yi ta farfaɗo, ya matse yatsan a kai don kada a lura da ita. Gajeren ya fizge ta, ya danna nan, ya murɗa can, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Kowace dannawa Sallau yana jiran ya ji ƙir-ƙir. Alhaji Gidaɗo, wanda ya sha ganin ana goga batirin nan a gefen riga, ya ɗago kai ya ce, "Tun safe taƙ ƙi, ranka shi daɗe. Ko hoto guda ba mu samu ba. Banza ce, tsohuwar banza."

"Ina memorinta?"

Dogon ne ya gano ƙofar, ya zaro katin. Irin na da ne, mai faɗi kamar bayan kwalin ashana. Gajeren ya fito da wayarsa ya gwada ta gefe, ya gwada ta ƙasa, ba inda zai shiga. Na kwance ƙarƙashin bishiya ya yi wani nishi mai tsawo, ya kira wani suna. Gajeren ya waiwaya, ya yi tsaki, ya wurga katin cikin jan ruwan. Sallau ya bi shi da ido har ya nutse.

Sannan gajeren ya ɗora marigayiya a kan bakin kwalbatin, ya juya bindigarsa, ya sauke mata gindin bindigar a ido. Ba ta ce ƙyas ba. Ta ce ɓaras, sau biyu. Bayan ya ɗaga hannu, wani ɗan abu a cikinta ya faɗi ya ce tsit. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Babur suke nema don ɗaukar mai raunin, ba su da wurin ɗora ƙarin mutum. Suka karɓe na Alhaji da wayoyinsu duka biyu, suka ce su kwanta rub da ciki, wanda ya ɗaga kai ya ga abin da zai gani. Suka kwanta fuska a cikin taɓo. Ƙarar baburan ta yi nisa, ta ɓace, ba wanda ya motsa. Ruwa ya sauko ya yi ta dukan bayansu, ba wanda ya motsa. Sai can Sallau ya ji murya a gefensa, ƙasa-ƙasa.

"Malam Sallau, kana da rai?"

"Ina jin haka, Baffa."

Alhaji ne ya kwance rawaninsa ya shimfiɗa. Suka tsince ta guntu-guntu, har da ƙananan gilasan da suka faɗa cikin laka, suka ƙulle. Suka taka a ƙasa har bakin titi, inda wata motar hatsi ta tausaya ta ɗauke su. Malama Zahra'u da ta gan shi a ƙofa, laka tun daga hula har ƙafa, da ƙullin rawani a ƙirji, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Zama ta yi a ƙasa inda take tsaye.

Bayan kwana biyu Alhaji ya zo shago, ya zauna a kan bencin, ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce, "Da na sani da nic ce yadda kaka cewa. Bakina yas so shi kashe mu." Sallau ya ce ba laifinsa ba ne, abin da ya sani ya faɗa. Alhaji ya ce, "Kuma na ce mata banza tana ji." Sallau ya ce wannan zagin shi ya rufa wa Janbako asiri, kuma yana da yaƙinin ta yafe. Tun daga ranar Alhaji bai sake kiran ta da kowane suna ba, marigayiya kawai yake cewa.

Ta rasu ta bar jakarta ta fata, wadda aka dawo da ita ba komai ciki. Ta bar batiri guda da bai yi tafiyar ba, da caja, da fitilar da ake ɗora mata, da sandarta mai ƙafa uku da ke tsaye a kusurwar shago ba abin da za ta ɗauka. Ta bar labulen bango mai zanen gidan bene da mota, wanda rabin mutanen Mafara suka taɓa tsayawa a gabansa kamar nasu ne. Ta bar fuskoki masu yawa a bangon ɗakunan Mafara da Bakura da Maradun. Ta kuma bar Sallau, wanda in babur ya rage gudu a ƙofar shago sai ya tsinci kansa a tsaye bai san ya tashi ba.

Ana ba Hadizatu da mijinta haƙuri: Yasir ba zai sami hoton sunansa ba. Ta riga ta aiko cewa tunda Baba da Malam sun dawo da ƙafarsu, ita ta ga hoton da take so. Samarin da ke gadin Janbako, da suka ji abin da ke cikin marigayiya da yadda ta yi shiru, sun aiko da zakara. An karɓa, an gode.

Duk wanda marigayiya ta taɓa fito masa da jan ido, ko ta yanke masa saman hula, ko ta kama shi baki buɗe, ana roƙon ya yafe mata. Sallau ya ce hannunsa ne, ba idonta ba.

Game da jana'iza, Liman ya yi bayani cewa ba wanka, ba salla, ba maƙabarta, kuma an bi maganarsa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo, an ba su haƙuri. Za a naɗe ta a farin ƙyalle, a mayar da ita cikin jakarta, a sa ta a ramin da aka haƙa a gindin darbejiyar bayan shago, ranar Laraba, kashegarin kasuwa, da hantsi. Za a zauna karɓar gaisuwa a kan benci har zuwa azahar. Akwai shayi da ƙosai. Ana roƙon masu waya su bar ta a aljihu, kada a ɗauki hoton kowa.

Mutanen Janbako da Maradun da ƙauyukan da ke tsakani, an ɗauke muku zuwa. Sallau ya rantse da Allah duk wanda ya hau hanya saboda wannan zama bai kyauta masa ba. Addu'arku daga gida ta isa. Kada kowa ya kira tsohuwar lambarsa ko ta Alhaji Gidaɗo, domin suna hannun da ba nasu ba. Wanda ya riga ya kira aka ɗauka, ya tuna ko ya faɗi sunansa ko na garinsu, ya sanar da mutanen gidansa.

Na cikin gari da za su zo, su zo da rana tsaka, su koma da sauran haske. Wanda ya tarar an rufe shago ya biyo gida, don Allah kada ya buga ƙofa. Ya tsaya daga nesa ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ɗan jira. Za a buɗe.